Hanya Ta Yi Tsawo

"Wai Injiniya, a wace makaranta ka yi injiniyancin nan naka?"

Ɗan'inna mai walda, maƙwabcinmu, shi ya jefo tambayar ta saman katanga ranar Litinin da hantsi, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Maigidana bai ko ɗago kai ba. Yana zaune a tabarma, ya rungume laftof a cinya kamar an miƙa masa jariri ranar suna.

Ya ce, "Irinmu ba makaranta ke yin mu ba, Ɗan'inna. Haifar mu ake yi."

"To Allah ya yi wa haihuwa albarka. Rediyona dai da ka gyara, har yau tashar Larabawa kaɗai yake kamawa."

"Ai ilimi na ƙara maka."

Watanmu bakwai da aure a lokacin. Baffansa, Modibbo Abdulkahar mai makarantar Islamiyya a nan unguwar Takur cikin garin Dutse, shi ya ɗauko mu daga Garki, saboda Maigida ya shaida masa cewa ya san kwamfuta ciki da bai. Ni dai abin da na sani, ya taɓa zaman wata uku a shagon cajin waya. Amma ba a tambaye ni ba. Modibbo ya ba mu ɗaki biyu a bayan makaranta, da famfo a tsakar gida. Duk wadda ba ta taɓa jan guga a rijiyar gidan su Maigida ba, ba za ta gane abin da famfon nan yake a wurina ba.

Ranar Lahadi za a yi walimar saukar ɗalibai arba'in da biyu. Wani tsohon ɗalibin Modibbo ya aiko daga Kano da laftof da firinta da ɗan filash, a cikinsa akwai manhajar buga shahada, har sunayen yaran an riga an jera. Aikin da ya rage ɗaya ne, a zuba manhajar a cikin laftof a danna. Da Modibbo zai miƙa kayan, a gabana ya ce, "Wata bakwai ina jin labarin iyawarka. To ga fili ga mai doki. In la'asar ɗin Asabar ta yi babu shahada, shanun Garki suna kewarka."

Maigida ya yi dariya ya ce, "Baffa, wannan ai kafin shayi ya huce."

Shayin ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa, bai ma fara ba. Ya ce babban aiki ba ya zama ba ofis, sai ya buɗe folda tukuna. Folda, yadda na fahimta, jaka ce ta ajiyar kaya a cikin kwamfuta, kuma ana iya sa jaka cikin jaka. Kowace sai an raɗa mata suna. Ga sunan da ya raɗa wa ta farko. Kwafowa na yi yadda na gani, ba ni na faɗa ba:

Ofishin Babban Injiniya Malam Zainulabidin Muhyiddeen Ɗanmusa Garki, Masanin Kwamfuta Da Dangoginta.

A cikinta ya buɗe wata, Makarantar Baffa Modibbo. A cikin wannan ma wata, Walimar Sauka. Can ƙurya ya juye kayan filash, ya yi bisimilla da ƙarfi don Ɗan'inna ya ji, ya danna.

Wani koren layi ya fara tafiya a hankali, kamar ana cika bokiti. Ya wuce rabi. Maigida ya miƙe ƙafa yana kaɗawa. Saura ƙiris ya kai bakinsa sai laftof ta yi ƙara, ɗing, wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci. Layin ya tsaya cak.

Ta saman katanga Ɗan'inna ya ce, "Sallama ta yi maka?"

"Godiya take yi."

Ya sake dannawa, ta sake godiya. Da ta gode masa sau shida sai ya ɗauko waya ya kwafi kalmomin saman akwatin ya nemi fassara. Wayar ta ce: hanya ta yi tsawo.

Ya buga cinya. "Na faɗa! Tun ɗazu abin da ke raina ke nan. Mashkura, miƙo min almakashinki."

Wayar caja ya kama. Ya ce wuta tana gajiya kafin ta iso, shi ya sa take sarewa a kusa da ƙarshe. Ya datse kusan kamu biyu ya jefar, ya murɗa sauran ya naɗe da salatif, ya soka a soket. Wani shuɗin haske ya haska ɗakin, ƙauri ya tashi, fanka ta tsaya. Layin wutarmu ɗaya da gidan Ɗan'inna, sai ga muryar matarsa Rabi'atu mai sayar da zoɓo:

"Wa ya kashe min firji? Mashkura, ki gaya wa Injiniyanki in zoɓona ya yi ɗumi shi zai shanye, har robobin!"

Ɗan'inna ne ya shigo ya gyara fis, ya kuma haɗa wayar cajar yadda ya kamata. Sai dai abin da aka datse ya datsu. Tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba yanzu, soket kuma yana can tsakiyar bango. Dole aka kifa turmina a ƙarƙashinsa, aka ɗora tire, aka ɗora laftof. Daga ranar a tsaye Babban Injiniya yake aiki, ya ranƙwafa kamar mai ruku'u.

Ranar Talata ya ce ya gano matsala ta biyu: na'urar ba ta san wanda take hulɗa da shi ba. Ina share ɗaki ina kallon yadda yake yi. Ya ɗora 'yar kibiyar allon a kan jakar farko, ya danna maɓallin dama, wani jeri ya fito, ya zaɓi na biyun ƙarshe, sunan ya yi shuɗi. Ya ƙara a bayansa: Mai Gyaran Abin Da Ya Gagari Turawa.

Ya danna. Wannan karon da ƙyar koren layin ya wuce rabi. Ɗing.

Ya ce, "Kin gani? Ta fara jin tsoro. Da wuri take amsawa yanzu."

Laraba bai karya a gida ba. Ya ce tunda ba hanyar wuta ba ce, ta sabis ce, zai kai ta gindin ƙarfen sabis da ke kan dutse. Ɗan'inna ya rufe shagonsa ya bi shi, ya ce walda kullum tana nan, irin wannan kallo kuwa ba kullum ba. Ban je ba, amma Yaya Rabi, matar Ɗan'innan, ta kawo min labarin da zafinsa, har da muryoyi take kwaikwaya.

Wai a hanya Ɗan'inna ya ce, "Injiniya, ni fa jahili ne. Amma abin nan a jikinta filash yake maƙale. Wace hanya ce tsakanin jinjiri da bayan uwarsa?"

"Sai saƙon ya je Amurka an sa hannu ya dawo."

"Au. Shi ya sa za mu hau dutse, mu rage musu gangara."

Maigida ya hau, ya buɗe sabuwar jaka a cikin tsofaffin, ya sa mata Gwajin Kan Dutse. Ya ɗaga laftof sama yana juyawa gabas da yamma. Masu gidajen gindin dutse suka firfito. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Malam, lafiya? Awon me ake yi?"

Maigida ya amsa daga sama, "Hanya zan gajarta! Ta yi tsawo!"

"Ta ina za ta bi?"

Ya nuna ƙarfen sabis, ya ja yatsa miƙe zuwa Takur, ta kan rufin gidajen mutane. "Ta nan, kai-tsaye."

Kafin ya rufe baki magana ta zaga cewa an turo mai awo za a rushe unguwa a yi titi. Mata suka fito da muciya, wata tsohuwa tana rantsuwa sai dai a bi ta kan gawarta. Ɗan'inna, maimakon ya yi bayani, sai ya ce da su, "Ku yi haƙuri, ni direbansa ne kawai." Ana cikin haka batir ya mutu. Maigida ya sauko ta bayan dutse a zaune, laftof a ka, dutsen kuwa ya karɓi rabonsa daga wandonsa. Da ya shigo gida da baya-baya ya bi bango har ɗaki. Ya ce wai jama'a ne suka taru ganin fasaha.

Ranar Alhamis ina ɗinke wandon, shi yana ruku'u a gaban turmi. Ya ce yanzu kam ya kamo bakin zaren: rashin ladabi ne. Ya za a rubuta sunan Baffa haka tsirara ba addu'a? Ya ƙara wa jaka ta biyu Allah Ya Ja Kwana. Ya danna. Layin ko rubu'i bai kai ba. Ɗing.

Ni aji shida na tsaya, Turancina bai fi cikin cokali ba. Amma kwana huɗu ina ganin akwatin nan. A ƙarƙashin kalmomin da ya fassara akwai wasu ƙanana da bai taɓa kallo ba, kuma biyu daga ciki na san su tun aji uku: wadda take nufin suna, da wadda take nufin dogo. Ga shi kuma duk ranar da suna ya ƙaru, layin sai ya ragu.

Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na ce, "Maigida, na ce ko dai sunan ne..."

"Sunan me? Ya yi kaɗan ko? Ni ma na lura. Mashkura, ki ji da allura, ki bar mana wannan. Kin taɓa ganin na sa miki baki a miya?"

Sau uku a sati yake sa min baki a miya. Na ci gaba da ɗinki.

Juma'a bayan la'asar Modibbo ya ce a kawo laftof zaure kwamitin walima su ga inda aka kwana. Dattawa sun kai goma, ga iyayen yara a bakin ƙofa, ga Ɗan'inna da ba wanda ya gayyace shi a sahun gaba. Mu mata muna soron ciki muna dama fura, tagar kuma a buɗe take. Maigida ya sa babbar riga. Aka ɗauko masa turmina har zaure, saboda cajar.

Ya fara da jawabi. Ya ce aikin ya kai kashi casa'in da tara, sauran ɗayan ma ladabi ne ya sa ya rage don a ƙarasa a gaban manya. Ya karanta sunayen jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, nasa har sau biyu.

Malam Zailani sakataren kwamiti ya gyara zama. "Injiniya, na ji naka, na ji na Modibbo, har dutse na ji an ambata. Mu da muka yi wata biyu muna zirga-zirga fa?"

"Allah ya gafarta Malam, yanzu kuwa."

Ya buɗe sabuwar jaka can ciki ya fara bugawa. Malam. Za. I. Sai laftof ta ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Ya danna, ya danna, ya sa babban yatsa. Ɗing, ɗing, ɗing.

Ɗan'inna ya leƙa ya karanta wa jama'a da ƙarfi: "Malam Zai." Ya waiga. "Malam zai me, Injiniya? Ka bar mu a tsaye."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Zai yi haƙuri."

Malam Zailani ya ce, "Zai tashi ya bar wurin nan, in ba a cika masa sunansa ba! Shi nasa ya ci layi biyu, ni a yanke ni a tsakiya kamar rake?"

"Allah ya gafarta Malam, ba ni ba ne, hanya ce..."

"Hanyar ce ta cinye min lani?"

Yaya Rabi ta toshe baki da mayafi har fura ta zube mata a zane. Ni kuwa ƙasa nake kallo, ina roƙon ta tsage.

Modibbo bai yi dariya ba. Ya ce, "Danna mu gani."

Maigida ya goge gumi da hannun riga ya danna. Ko fitowa koren layin bai yi ba. Ɗing.

Modibbo ya ja carbi uku sannan ya ce, "Me ta ce?"

"Baffa, cewa ta yi hanya ta yi tsawo."

"To ta Garki ba ta da tsawo. Gobe ka nemo mota. In na sauko daga karatun safe zan zo in karɓi kayan mutane, a kai wa wanda ya iya."

Ɗan'inna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a bar masa cajar. Ko ɗan maraƙi ya ɗaure da ita."

Asabar da safe Maigida ya fita tasha ko shayi bai sha ba. Na naɗe katifa, na ɗaure kwanuka. Na je famfo na buɗe, na tsaya ina kallon ruwa yana zuba ba tare da kowa ya ja shi ba. Sai na rufe, na goge hannu, na shiga ɗaki na saka sakata.

Laftof tana kan turmi a kunne. Na ɗora kibiya a kan jakar farko. Maɓallin dama. Na biyun ƙarshe. Sunan ya yi shuɗi tun daga Ofishin har Turawa. Na ce astagfirullah, na goge shi duka.

Ta Baffa ban taɓa ba, wa ni. Ta Malam Zai ma na bar masa abarsa. Amma jakar farkon nan ba ta zama ba suna, sai ƙyafta min ido take tana jira. Na tsaya. Sunansa dai ba zai fito daga bakina ba, ba kuma zai fito daga yatsuna ba. Sai na rubuta abin da nake cewa in Yaya Rabi ta tambaye ni wa ya ƙona tukunyar shayi.

Shi.

Na bi jakunkunan har ƙurya kamar yadda na ga yana yi, na danna. Koren layi ya fito. Ya wuce rubu'i. Ya wuce rabi. Da ya zo inda ya tsaya ranar Litinin na rufe ido ina jiran ɗing. Shiru. Da na buɗe, allon ya cika da hoton shahada mai koren gefe, ga sunan makaranta, ga sunan yarinyar farko, Afra'u, da manyan baƙaƙe. Na zare sakata na koma tsakar gida na ci gaba da ɗaure tabarmi.

Kusan tare suka iso. A-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da Maigida a gaba, ga Modibbo da Malam Zailani sun taho, Ɗan'inna kuwa har ya riga ya ɗauki katifa, wai taimakon maƙwabtaka. Maigida ya shiga ɗauko laftof. Can sai ga shi ya fito yana taku ɗai-ɗai, ƙirji a gaba.

"Ɗan'inna, ajiye katifar nan. Direba, Allah ya ba da sa'a. Baffa, bisimilla, a shigo a ga aiki."

Aka jona firinta. Ta yi tari, ta ja takarda, ta turo shahadar Afra'u da ɗuminta. Modibbo ya ɗaga ta ya duba gaba da baya. Direba yana waje yana ta oda, yana tambayar wa zai biya shi wahalarsa.

Malam Zailani ya ce, "Ikon Allah. Ya aka yi?"

"Dabara ce, Allah ya gafarta Malam. Da gangan na kira mota. Da ta ji za a tafi Garki sai ta gane hanyar da take kuka da ita ba komai ba ce."

Ɗan'inna dai bai bar allon ba. Ya sa yatsa a sama inda jakunkuna ke jere. "Injiniya, ina ofishin naka? Ina Turawan da aka gagara? Nan na ga an rubuta Shi. Wane ne Shi?"

Maigida ya leƙa. Modibbo ma ya matso. "Wane ne?"

"Shi... Baffa, ai Shi ke nan. Injiniya Shi. Wani abokina ne ɗan Chaina. Tare muka yi aiki. Na yi masa waya, ya shigo ta iska ya ɗan riƙe min wani gefe. To ka san su, duk inda suka taɓa sai sun sa suna."

Ɗan'inna ya ce, "Allah sarki. Ka ga masu ilimi, harafi uku ya ishe su."

"Bari ma in mayar da nawa yanzu."

Modibbo ya riƙe masa hannu. "Kul. Kada ka kuskura ka taɓa wa bawan Allah sunansa. Kai naka kwana biyar yana nan, me ya haifa? Buga sauran arba'in da ɗayan, ina zaune."

A tsaye ya buga su, a ranƙwafe, Modibbo yana kan kujera yana ƙirgawa, Malam Zailani yana duba kowane suna harafi-harafi ko an gutsure wa wani. Ni kuma na kwance kwanukana na mayar da su inda suke.

Bayan walima da kwana ɗaya Modibbo ya kira Maigida ya ba shi kwalbar man shanu babba, sabon kawowa daga ruga. Ya ce a kai wa Injiniya Shi, a ce Modibbo ya gode, in ya shigo Dutse kuma lallai a kawo shi su gaisa. Maigida ya shigo da kwalbar a ƙarƙashin riga, yana waige kada Ɗan'inna ya gani. Ya ajiye ta a gabana ya zauna yana kallon turmi.

"Mashkura, ranar Asabar da na fita, wani ya shigo gidan nan?"

"Ba wanda ya shigo, Maigida."

"Ikon Allah." Ya yi ƙasa da murya. "To ni wallahi ban san wani Shi ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ma daga nesa na san shi."

Bai ji ba, ya riga ya tashi yana gwada yadda ake gaisuwa da Chananci, ko da Baffa zai tambaya. Na buɗe kwalbar na shinshina. Mai kyau ne, ba gauraye. Na zuba cokali biyu a miyar kuka, na sa masa a tuwonsa, na sa a nawa. Yaya Rabi tana ta kirana ta katanga, wai ita fa ba ta yarda da zancen ɗan Chainan nan ba, in zo in gaya mata gaskiya. Ba zan gaya mata ba, ba zan gaya wa kowa ba. Saƙon Modibbo dai ya isa hannun mai shi.